Ranar da Ɗan'azumi Ya Ce Lafiya Lau

"Yaya Ɗan'azumi, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Iliyasu."

Iliyasu ya tsaya da buta a hannu yana kallon maƙwabcinsa, wanda ya duƙa a gindin dakali yana wasa adda, ko kai bai ɗago ba.

Ai tun da Ɗan'azumi ya dawo daga gidan gyaran halin masu shaye-shaye a Kaduna bai ƙara ba shi wannan amsar ba. Ciwon baya ne ya jefa shi shan ƙwayar tiramol, shekara da shekaru yana saran rake a fadamun Maƙarfi, tun yana haɗiyar ɗaya har ya koma sai ya cika tafin hannu. Da abin ya ci tura, 'yan uwa suka kai shi. Ya yi watanni a can, ya dawo ya yi ƙiba, ido ya washe, matarsa Adama har sadakar waina ta yi.

Ya kuma dawo da wata sabuwar al'ada. A can, in ji shi, kullum da safe sai a zauna kowa ya faɗi gaskiyar yadda ya kwana. To a unguwar nan wa zai zauna da kai? Sai ya ɗora wa Iliyasu. In Iliyasu ya gaishe shi sai ya ce, "Ban runtsa ba, raina ya yi ta biya mini ita, amma ban sha ba." Iliyasu ya yi ta tsokanarsa, "Kai dai Yaya, gaisuwarka sai mai lokaci." Amma yakan zauna ya ji, har shayi ya huce.

Yau ga shi saran rake ya kama, motocin lodi sun cika bakin titi, buhun masarar gidan Ɗan'azumi ya kusa ƙarewa.

"Yaya, bayan naka fa? Ba sun ce ka guji aikin ƙarfi ba?"

"Sun ce. A can akwai mai dafa maka, akwai mai buga maka ƙararrawa. Nan wa zai buga mini?" Ya gwada kaifin addar da ɗan yatsa. "Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Tambaya ɗaya ta tsaya wa Iliyasu a rai: ka sha? Amma yaya za ka dubi mai furfura a ƙofar gidansa ka tambaye shi haka? Ya ce, "Allah ya tsare." Ɗan'azumi ya saɓa adda ya bi hanyar fadama.

Bayan azahar aka kawo shi a amalanke, an shimfiɗa masa ganyen rake. Abokan aikinsa suka ce ya fi kowa sara, sai kawai ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita bakinsa. Iliyasu ya tallabe shi a bayan mota har asibiti. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Wani ma'aikacin jinya ya ja Iliyasu gefe. "Kwatankwacin tiramol ɗin da ya saba sha a da ya sha. Jikin da ya huta ba ya iya ɗaukarsa."

A wajen zaman makoki mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa gidajen gyaran halin nan ɓata lokaci ne, wasu na cewa ai ya warke sarai, kwana ne ya ƙare. Baƙin ciki ya cika Iliyasu, da haushin da bai san wa zai ɗora wa ba.

Washegari da safe ya fito ya zauna a dakalin. Adama ta leƙo daga zaure, idanunta sun kumbura.

"Malam Iliyasu, an tashi lafiya?"

Har ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya fasa. Can ya ce, "Ban runtsa ba, Adama."

Ta janyo tabarma ta zauna daga bakin zauren. Dutsen wasa addar yana nan tsakaninsu, inda mai shi ya bar shi jiya.