Wushiryar Saude

Duk wanda ya san Saude a Dakko, wushiryarta ya fara sani. 'Yar tsaga ce tsakanin haƙoranta na gaba, in ta yi dariya sai ka ji kai ma kana so ka yi. Mijinta Malam Sambo ba mai yabo ba ne, ko albasar gonarsa ba ya yabawa, amma kowa ya san abin da ya sa ya yi ta zarya gidansu har aka ba shi ita.

Da ta rasu ba ta bar hoton dariya ba. Hoto ɗaya ne a gidan, na ranar wani suna, a ciki kuma ta tsuke baki kamar yadda matan kirki ke yi gaban mai hoto. Abin da ya rage wa Sambo shi ne bakin 'yarsu Ikilima, wadda ta ɗauko wushiryar sak.

Sai dai Ikilima 'yar fari ce. Sambo kuwa Bafulatani ne da ya ajiye sandar kiwo ya kama noman rani, amma bai ajiye kunya ba. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar ga". Ba ya zama kusa da ita, ba ya haɗa ido da ita. In ta yi dariya sai ya saci kallo, kewar Saude ta tokare shi, ya kau da kai ya hau kwance igiyar da ba ta ƙulle ba.

Da Ikilima ta tafi Sakkwato karatun jinya, gidan ya koma shi da awaki. Ƙaninta Surajo na kabu-kabu a Maradun, sai Sallah ake ganin ƙeyarsa. Sambo ya koyi dafa shinkafa da wake, ya koyi cinta shi kaɗai, yana jiran hutu.

Wani hutu ta dawo da ƙarfe a baki. Waya ce siririya an bi da ita ta kan haƙora, an ɗaure ta da wasu 'yan ƙananan ƙarafa.

"Mi anka yi wa bakinki?" ya tambaya, idonsa na kan tabarma.

"Gyara ne, Baba. Haƙorana na ƙasa sun hau juna, in na tauna abu muƙamuƙi ya yi ta ciwo har kai. Wayar ga za ta ja su a hankali su daidaita."

Ya san da ciwon. Ya sha ganinta ta ajiye nama ta dafe kunci. Sai ya ce Allah shi ba da sauƙi.

Abin da ba a gaya masa ba, idonsa ya gaya masa. Kowane zuwa, wushiryar ta ragu. Da fari tsinken tsintsiya zai shiga, daga baya sai zare. Ya sha shirya magana a gona, yana ban ruwa yana maimaitawa, amma ina aka taɓa jin uba ya zaunar da 'yar fari yana mata zancen haƙori? In ta iso sai ya tambaye ta hanya.

Bayan damina ta biyu aka cire wayar. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta nuna masa wata roba mai kama da sawun haƙora a cikin ɗan akwati shuɗi. Likita ya ce ta riƙa sa ta in za ta kwanta, in ba haka ba haƙoran za su koma inda suka fito. Ta yi murmushi, haƙora jere reras, babu ko alamar tsaga.

"Baba, ya kag gani?"

"Ya yi," ya ce. Sai bakinsa ya suɓuce. "Wushiryar hwa?"

"Likita ya tambaye ni ko a bar min ita. Yac ce mata da yawa na roƙon a bar musu. Nic ce a ruhe."

"Don mi?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun rasuwar Inna, in na yi dariya kau da kai kake. Na ɗauka ba ka son ganinta."

Baƙin ciki ya kama Sambo, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. "Ita kaɗai nika kallo gidan ga," ya ce, ya tashi ya tafi wajen awaki.

Washegari da hantsi ta hau babur zuwa Talata Mafara, inda za ta shiga motar Sakkwato. Da ya shiga ɗakinta zai rufe taga, sai ga ɗan akwatin shuɗi a tsakiyar katifa, an ajiye shi inda ba yadda za a yi ya ɓace wa ido. Ba mantuwa ba ce, ya sani.

Ya zauna bakin gadon yana juya shi a hannu. In ya jefa shi a aljihu ya yi shiru, wushiryar za ta dawo, wata rana Saude za ta sake yi masa dariya. Sai ya tuna yarinya dafe da kunci, nama na hucewa a kwano.

Ya tada tsohon babur ɗinsa. A tasha ya tarar motar saura mutum ɗaya ta cika, yarinyar na zaune jikin taga. Ya miƙa mata akwatin.

"Ikilima," ya ce, sunan na yi masa nauyi a baki, "kin yi mantuwa."

Ta dube shi, ta karɓi akwatin. Wannan karon bai kau da kai ba, ya tsaya yana kallonta har motar ta tashi. Daga nan ya sayi biredi ɗaya ya koma Dakko.