Hanyoyi Uku na Malam Isa

Malam Isa ya yi shekara talatin da biyar yana aikin safiyo a gwamnati, yana auna filaye yana zana taswira. Ko da ya yi ritaya bai rabu da babur ɗinsa ba. Yana da mota, amma cewa yake mota ba ta shiga lungu. Duk ranar Asabar yakan tashi daga gidansa da ke Malali ya tafi Kurmin Mashi gaida yayarsa, Gwaggo Hasiya.

Wata Asabar bai isa ba. Sai bayan la'asar wani mai shago a Kawo ya kira Juwairiyya, autar Malam Isa, wadda ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ya ce ga wani dattijo nan a kan bencinsa tun azahar, ya ce ya manta inda za shi. A asibiti likita ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa, ba ya warkewa, sai dai ya riƙa ƙaruwa a hankali. Ya ba da shawara a raba shi da tuƙi.

Juwairiyya ta kasa karɓe makullin babur ɗin daga hannunsa. Mutumin da matarsa ta rasu, abokansa suka ragu, babur ɗin nan ne kaɗai ke fitar da shi cikin mutane. Ta yi magana da yayanta Anas da ke aiki a Legas, shi kuma ya aiko da wata na'urar nuna hanya ta masu babur, mai faɗin tafin hannu, wadda ruwa ba ya shigarta. Makanike ya ɗaura ta a kan sitiyari. Saura sa mata hanyoyin.

Da safe ranar Lahadi ta buɗe taswirar intanet a kwamfutarta, ta zana hanya daga gida zuwa Kurmin Mashi, ta adana, ta jona na'urar da waya ta tura. Da suka fita gwaji, Malam Isa a gaba a kan babur, ita a mota tana binsa, sai na'urar ta yi watsi da abin da ta zana, ta zaɓi tata hanyar mafi sauri, ta nufi titin bayan gari inda tireloli suke. Da ƙyar ta tsayar da shi da hon. Daga baya ta gane sai ta dasa alama a kowace kwana, kusa da kusa, sannan na'urar za ta bi abin da aka ba ta.

Wannan aikin ne ya kawo Malam Isa gefenta. Ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya riƙa nuna mata da bayan biro. Ya ce wannan layin da taswira ta nuna a buɗe, kwalbatinsa ta karye tun bara. Wancan kuma da damina ruwa yake kwanciya. Ya gaya mata shekarar da aka yanka filayen Unguwar Rimi ta ƙasa, da sunan wanda ya riƙe masa ma'auni. Ta riƙa kallonsa tana tunanin ko likita ya yi kuskure. Sati biyu suka yi a haka, suka gama hanyoyi uku: ta gidan Gwaggo, ta majalisar abokansa a Unguwar Rimi, da ta dawowa gida. Ta rubuta sunayen da manyan baƙi, ta koya masa inda zai danna.

Wata biyar abin yana tafiya daidai. Yakan dawo yana dariya, ya ce matar da ke magana a cikin na'urar ta fi wasu tsofaffin ma'aikatansa sanin aiki.

Ranar wata Asabar cikin watan Agusta, Juwairiyya tana shanya a tsakar gida ta ji tsayuwar babur a waje, amma ba a turo ƙofa ba. Can sai aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe ta gan shi tsaye, hular kwano a hannu, ledar dambun da Gwaggo ta ba shi rataye a sitiyari. Ya yi mata sallama kamar yadda ake yi wa baƙuwar fuska.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce. "Wannan abin ya ce na iso. Gidan wane ne nan?"

Ta riƙe ƙyauren da hannu biyu. Ta ce masa gidan Malam Isa ne, ya shigo ya huta. Ya yi godiya, ya cire takalmi a bakin falonsa, ya zauna a gefen kujera yana jiran maigida. Ta kawo masa ruwa, ta koma kicin ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta.

Wajen magariba hankalinsa ya dawo. Ba ta gaya masa komai ba, amma ya ga idonta, ya ga takalminsa a inda baƙi ke ajiye nasu. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo mata makullin.

"Hanyar da kika sa daidai take, Juwairiyya. Ba ta ɓatar da ni ba. Ki gaya wa Anas ya zo ya ɗauki babur ɗin."

Ta ce, "Baba, ko a ƙara gwadawa, in riƙa binka a baya?"

Ya girgiza kai. Ya ce akwai 'ya'yan mutane a kan titi.

Anas ya zo a ƙarshen wata, aka loda babur ɗin a bayan a-kori-kura. Malam Isa bai fito ba. Juwairiyya ta kwance na'urar da kanta ta sa a durowa, ba ta goge hanyoyin ba, ba ta kuma sake kunna ta ba.

Da Gwaggo Hasiya ta ji abin da ya faru, ta rufe ɗakinta na Kurmin Mashi, inda ta yi shekara hamsin, ta taho Malali da akwati ɗaya da butarta. Ta ce ita ta goya shi yana yaro, ba za ta zauna can tana jin labarinsa a waya ba. Ita kam har yanzu yana gane ta. Da hantsi sukan zauna a kan tabarma a baranda, wani lokaci ya tambaye ta ko Inna ta dawo daga rafi. Innar tasu ta rasu shekara arba'in da suka wuce. Gwaggo takan ce masa tana hanya, sai ya gyara zama ya ci gaba da jira.