Gidan Madubi a Kan Burtali

Sau ɗaya Alhaji Junaidu ya taɓa kwana a wani babban otal a Kaduna, amma kwanan bai fita daga ransa ba. Tsohon otal ne, tun zamanin Turawa aka kafa shi, daga baya aka ɗora masa benaye, aka lulluɓe gabansa da gilashi mai duhu wanda mutum ke ganin kansa a ciki. Ga darduma har lungu, ga tafkin wanka mai shuɗin ruwa, kafin ka zauna an miƙo maka abin sha mai sanyi. Da Alhaji ya dawo Illela sai ya rantse sai ya gina irinsa, don manyan 'yan kasuwar da ke ƙetarowa daga Ƙonni, a hayin iyaka, su daina wucewa Sakkwato neman makwanci.

Ya kuwa ɗauko Mukhtari, ɗan Illela da ya daɗe yana aiki a wancan otal, tun yana ɗaukar jakunkunan baƙi har ya kai ga riƙon makullai. Shi ya koya wa ma'aikata riƙon faranti da rusunawa da gyaran gado. Ginin ya tashi da gilashi tun daga ƙasa har sama, mutanen gari suka sa masa Gidan Madubi. Tafkin wankan kuwa Alhaji ya ce a gaba za a haƙa shi, don masu wucewa su gani.

Sai dai filin a kan burtali yake, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni. Wata rana Jaɓɓo, dattijon Bafulatanin makiyayin da matarsa ke kawo wa uwar Mukhtari nono tun Mukhtari yana goye, ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallon magina.

"Kaɗo, wanga ɗaki naku bisa hanyarmu ya hau," in ji shi.

"Baffa, Alhaji ya sai filin. Ku riƙa kewayawa ta baya."

"Ni na ji. To su shanun, wa za shi gaya musu an sai da hanya?"

Mukhtari ya yi dariya ya koma kan aikinsa.

Shekarar ta zo da fari. Tafkuna suka ƙafe, rijiyoyi suka koma laka. Ranar buɗe otal, tankar ruwa ta cika tafkin wankan taf. Bayan azahar baƙi suka hallara cikin manyan riguna, Mukhtari na tsaye a bakin ƙofa cikin fararen kaya. Nan ya hango garken Jaɓɓo. Dattijon yana ta kora su ta baya kamar yadda aka ce, amma shanun sun riga sun ji ƙanshin ruwa. Suka karya layi, suka yo kan otal a guje, jan bajimi mai dogayen ƙahoni a gaba.

Dabo mai gadi ya tare shi, ya zabga masa kulki a hanci. Bajimin ya juya, sai ya yi ido huɗu da wani jan bajimi a cikin gilashi, shi ma ya sunkuyar da kai. Bajimin ya tona ƙasa, ya kwasa a guje kan gilashin. Ƙarar fashewar gilashin har kasuwa aka ji ta. Ya fito da baya, jini na tsiyaya daga wuyansa, ɓaraguzan gilashi a kafe a gadon bayansa, wanda ya fara gani kuwa Dabo ne. Ya soka masa ƙaho a ciki, ya ɗaga shi, ya yar. Sauran shanun suka tattake kujeru da farantai, suka auka wa tafkin, na baya na tura na gaba ciki.

Kafin baƙi su gama neman takalmansu, 'yan uwan Dabo da 'yan dako da zauna-gari-banza sun iso da adduna da gatura. Suka sassare wa bajimin agara, ya durƙusa yana kuka, suka yi ta sara har ya daina motsi. Suka koma kan shanun da ke bakin tafki, ruwan ya rine ja. Sannan wani ya nuna Jaɓɓo.

"Ga mai su nan. Shi ya koro su da gangan."

Dutsen farko ya same shi a goshi. Aka ƙwace sandarsa aka karya ta a bayansa. Wani ya kai masa sara a ƙafa. Mukhtari bai san lokacin da ya kutsa cikinsu ba. Ya cafki hannun dattijon, ya ja shi ta kan fasasshen gilashi zuwa cikin otal, ya bi dogon layin ɗakuna, ya tura shi cikin ɗaya, ya kulle, ya jefa makullin cikin safarsa. Yana dawowa zauren karɓar baƙi, mutanen na shigowa.

"Ina Bahillacen?" in ji yayan Dabo, wani ƙato mai suna Yari, adda na ɗigar jini a hannunsa.

"Yari, ɗan'uwanka na kwance waje da sauran numfashi. Ku kai shi asibiti."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Aka mare shi da gefen adda, leɓensa ya tsage. Da suka ga ba zai yi magana ba, suka nufi ɗakunan. Ƙofofin duka iri ɗaya ne kamar na Kaduna, darduma kuma ja ce, ta shanye sawun jini. Sai suka fara da ta farko, suka sa gatari. Mukhtari ya tuna cewa tagogin ma irin na Kaduna ne, ba sa buɗuwa saboda na'urar sanyi. Jaɓɓo ba shi da ta inda zai fita.

Alhaji Junaidu ya shigo babu hula, yana jin ana faskara ƙofofinsa. Ya kama kafaɗar Mukhtari.

"Ba su makullin, yaro. Gidan za su gama mini."

"Alhaji, kai ka ce in yi maka aiki irin na can. Can in an ba mutum ɗaki, ba a faɗin lambarsa, ba a ba da makullinsa, ko ga mai otal."

"Wanga baƙo ne? Mi ya biya?"

"Ni na sa shi ɗaki, ranka ya daɗe."

Yari ya ji. Suka kayar da Mukhtari, suka yage masa aljihu, suka tattaka shi. Ya rarrafa ya miƙe, ganin saura ƙofa ɗaya su kai, ya je ya jingina bayansa da ta Jaɓɓo, ya baza hannuwa. Da haka ya nuna musu ɗakin da kansa, amma ba shi da wata dabara. Ƙotar gatari ta sauka a hannunsa na dama, ya ji ƙashin ya karye. Ta sake sauka a haƙarƙarinsa. Ya zame ya zauna, bayansa bai bar ƙofar ba. Suna jan ƙafafunsa ne aka ji harbi a waje. Jami'an kwastan na bakin iyaka ne suka iso suna harbi sama, taron ya watse ta kowace kafa.

Da hannun hagu Mukhtari ya zaro makullin. Suka tarar da Jaɓɓo zaune a ƙasa a kusurwa, ya ɗaure ƙafarsa da rawani. Bai hau farin gadon ba.

A bayan motar a-kori-kura ɗaya aka shimfiɗe Jaɓɓo da Dabo, Mukhtari a tsakiyarsu. Sun wuce Gwadabawa Jaɓɓo ya buɗe ido.

"Kaɗo, shanun sun samu sun sha?"

"Sun sha, Baffa."

Dabo ya cika kafin su shiga Sakkwato. Jaɓɓo ya rayu, amma a asibiti aka bar ƙafar, daga gwiwa zuwa ƙasa. Da aka sallame shi, a kan jaki 'ya'yansa suka mai da shi ruga.