Mota babu kujerar baya

Barkai ya gaji motar mahaifinsa mai rufi, ya kai ta wurin masu walda a garin Faya. Suka yanke bayanta ta zama a-kori-kura, suka sa mata injin dizal. Abokansa na tseren hawan tudun yashi suka yi ta yaba ta.

Sai surukarsa Hajja Kelei ta kwanta ciwo a ƙauye, aka kira shi ya kai ta asibiti. A da, kujerar baya take zama a lulluɓe, ba mai kallon wani. Yanzu kujera ɗaya ta rage, gefen direba.

Ta ce wa 'yarta, "Wozina, gaya wa mijinki ba na zama kafaɗa da kafaɗa da suruki."

"Inna, ranar nan fa!"

"Ni da rana mun saba. Kama ni in hau."

Ta kwanta a baya kusa da gangar mai, Wozina na yi mata inuwa da mayafi.

A bakin gari abokinsa Sugui ya ɗaga murya: "Sarkin dizal! Yau me muka ɗauko, dabino?" Ya leƙa baya, ya ga tsohuwar a kwance, ya kau da kai.

Barkai ya wuce bai ɗaga hannu ba, kujerar gefensa babu kowa.