Rabin Kofi Duk Kwana Uku

"Motata ta sake shan ruwa," in ji Baba Mai Agogo. Ya ɗora kofin silba a kan bencin garejina kamar mai kawo shaida gaban alƙali. "Rabin wannan, a kwana uku."

Na fito daga ƙarƙashin motar da nake yi, na goge hannu a wando. Zuwansa na biyar ke nan cikin wata guda.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin idonsa ya gaji, kuma halin sana'ar bai bar shi ba. Mutum ne da in ka ce masa "anjima" sai ya tambaye ka ƙarfe nawa. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wani gari, tafiyar awa biyar. Ta haihu, kuma shi duk burinsa ya je ya ga jikan da idonsa. Motar haya ba ta yi masa, don ciwon suga na sa shi fitsari kowane rabin awa, ba direban da zai yi ta tsaya masa. Sai dai tasa tsohuwar motar, wadda yake tsoron ta mutu masa a daji.

Ni kuma na duba ta, kada a ce ban duba ba. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Na canja murfin lagireto. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo babu. Na zaro sandar awon baƙin mai, man nan baƙi wuluk, bai yi kalar shayi da madara ba. Na buɗe lagireto inji na aiki, ban ga kumfa na tasowa ba.

"Baba, na faɗa maka lafiyarta ƙalau."

"To ina ruwan yake zuwa, Makanike? Mota ba ta gumi." Ya rage murya. "Ni dai ina jin gaskit ɗin kan inji ne ya fara ci, ruwa na zurarewa ciki. Da safe in na tayar da ita takan yi tari, ta yi rawa, ta fitar da farin hayaƙi. Kafin in iso nan ta yi zafi, ta daina. Ka leƙo da safe ka gani mana, kafin in murɗa makulli. Taku goma ne."

Kalmar gaskit ɗin nan ce ta ƙona ni. Shekara ashirin da shida ina kwance inji, mai gyaran agogo zai koya min aiki a gaban mutane. Mai faci na zaune, mai wayarin na zaune, ga masu motoci biyu.

Mai faci ya yi dariya. "Baba, ko dai kai ke shanyewa? An ce masu suga ba sa ƙoshi da ruwa."

Da na bar ta a wasa, da ta wuce. Amma bakina ba shi da birki.

"Ku bar shi," na ce. "Motar nan ba abin da ke damunta. Zaman gida ne ya ishe shi, ba mai yi masa magana, shi ne yake zubar da ruwan da hannunsa don ya samu dalilin zuwa ya zauna mana a benci. Baba, in hira kake so ka zo ka yi, benci kyauta ne. Ka daina ɗora wa mota ciwon da ba nata ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mai wayarin ya sunkuyar da kai yana murza wata waya da ba ta bukatar murzawa.

Baba ya ɗauki kofinsa, ya kakkaɓe shi, ya sa a aljihun riga.

"To, ɗana," ya ce. "Allah ya ba da kasuwa."

Bai sake zuwa gareji ba. Amma washegari da na turo babur daga gida, ga shi tsaye a ƙofarsa, bonet a buɗe, makulli a hannu. Bai tayar da ita ba. Ni yake jira. Na danna masa oda na wuce. Jibi ma haka, gata ma haka. Matata ta ce, "Baban yara, tsohon nan dominka yake tsayuwa. Minti biyar zai kashe ka?"

"In na tsaya na yarda ke nan ban iya aikina ba."

"Shi ke nan, Sarkin Iyawa."

Kwana tara yana fitowa. Ran na goma ban gan shi ba, bonet a rufe. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba: daɗi na ji. Na ce tsoho ya haƙura.

Wajen sha ɗaya matata ta kira ni. Ta kai masa abinci, ta yi ta sallama shiru. Ta same shi a kujerarsa ta falo, takalmi a ƙafa, makullin mota a cinya. Agogunan bangon nan nasa guda bakwai suna ta tafiya tare, ba wanda ya riga wani.

Ni na ɗauki gaban makara. Mutane na cewa maƙwabci na gari ke nan. Mai faci bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

'Yar ta iso da yamma da jariri a kafaɗa. Bayan kwana uku ta same ni a ƙofar gida, idonta ya kumbura.

"Kawu, ban yi maka godiya ba."

"Ta me?"

"Kullum na kira Baba sai ya ce Makanike na kan motar, mutum ne mai tsantseni, ba ya son ya sake ta sai ya tabbatar. Ya ce da ka gama zai taho." Ta miƙo makullin. "Mijina zai tuƙa ta mu koma da ita. Ka ƙarasa dubawa don Allah."

Na karɓa. Na sa shi a aljihu.

Washegari da safe na yi taku goman. Na buɗe bonet. A jikin robar ruwa ga zanen fensir nan layi layi, kowanne da kwanan wata, da ƙananan rubutu irin na mai agogo. A kujerar baya akwai jaka a ɗaure, da jarka biyu cike da ruwa, da wata 'yar hular jariri cikin leda.

Na murɗa makulli. Ta yi tari. Ta yi rawa kamar mai zazzaɓi. Na zagaya baya, farin hayaƙi na fita daga salansa, mai kauri, da ɗan ƙamshin zaƙi da kowane makanike ya sani. Kafin minti biyu ya ɗauke, inji ya daidaita sumul, kamar yadda take zuwar min gareji.

Na kashe ta, na ɗauko sifana, na kwance fulogi huɗun na jera a kan tsumma. Uku sun yi baƙi, yadda ya kamata. Ɗayan kuwa, na uku a layi, fari tas, ruwa ya wanke shi kamar yau aka sayo.

'Yar ta fito, jaririn na barci a hannunta.

"Kawu, ka gano?"

"Na gano. Gaskit ne."

"Babban aiki ne?"

"Yini ɗaya," na ce.

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Kofin silbar na nan inda ya saba ajiye shi, a gefen batir. Na cika shi rabi daga jarkarsa, na zuba a hankali har ruwan ya taɓa layin fensir na sama.