Kujerar Baya

"Riƙe shi da kyau, Malam Jalo, ba alli ba ne wannan," in ji Aƙilu mai walda, yana gyara baƙin gilashin da ke fuskarsa.

"Na riƙe. Kai dai ka tabbata ya kama. In masu duba motoci suka girgiza shi gobe a Kaduna suka ji ya motsa, kora ce."

"Ya motsa? Ɗaura raƙumi a jikinsa ka gani. Kau da ido."

Jalo ya kau da ido. Wuta ta yi tartsatsi, warin ƙonannen fenti ya cika cikin motar, ƙarfen ya ɗau zafi har ta cikin tsumman da ya naɗe hannunsa da shi. Wannan shi ne bututu na ƙarshe. Da shi kejin ƙarfen ya cika, wanda dokar tsere ta ce dole a gina a cikin kowace mota don kada rufi ya murƙushe direba in ta yi alkafura. Biyu sun giciye a bayan kujerun gaba kamar almakashi, sauran sun tare kowace ƙofa a daidai gwiwa.

Ya fito da baya da baya ya tsaya yana kallon motarsa Fijo. Daga waje tana nan yadda mutanen birni suka san ta, fara, mai ɗan tabo a goshi. Ciki kuwa babu abin da ya rage na motar mutane. An ɓare kafet, an cire rediyo da rufin sama da murafun ƙofofi, ƙarfe tsirara ko'ina. Kujeru biyu ne kawai, matsattsu masu zurfi kamar akushi, kowacce da bel mai sauka ta kafaɗu biyu. Kujerar baya tuni ta zama bencin garejin Aƙilu, tana jingine da katanga a gindin dalbejiya, masu jiran gyara na zama a kai.

Tun yana yaro yake wannan mafarki. Ranar da ya hau kan ganuwa a Ƙofar Doka ya ga motocin tsere sun wuce da lambobi a jikinsu, ƙararsu na shiga har haƙarƙarinsa, ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Ya girma, ya zama malamin lissafi, ya yi aure, amma wannan ƙarar ba ta bar kunnensa ba. Bana ne kawai aka karɓi sunansa. Gobe a duba mota, jibi a tashi, a yi ta daji har ƙarshen mako. Duk da wahalar man da ake ciki, da layukan da ke kwana a gidajen mai, ya tara nasa jarka jarka tun farkon damina.

Ya kamata a ce yana murna. Amma tun da aka zo aka tafi da matarsa Sakinatu gidansu a Ƙofar Jatau goyon ciki, wani abu ya tokare masa a ƙirji, ya ƙi sauka. Cikin fari ne. Ba ya zuwa gidan, don ba a yi. Ba ya tambaya, don wa zai tambaya, da wane baki? In abokai suka tsokane shi da zancen, sai ya sunkuyar da kai ya shiga neman sifana. Wani lokaci bayan magariba yakan bi ta lungunsu a ƙafa, ya rage tafiya daidai zauren, ya ji kamar zai ji tarinta ko dariyarta, sannan ya wuce da sauri kamar wanda aka aika. Duk ranar da kewa ta ishe shi sai ya zo gareji ya ƙara cire wani abu daga motar. Motar ta yi ta rage nauyi, nasa nauyin kuwa yana nan.

"Ga amaryarka nan tafe," in ji Aƙilu a hankali.

Jalo ya waiga. Iya Kande ce, kakar Sakinatu ta wajen uwa, tana tahowa da sandarta da ƙatuwar ƙwarya a kai. Ita kaɗai ce a duk gidan surukansa ba ya kunya, domin wasan jika ke tsakaninsu. Amma me ya kawo ta nan? Daga Ƙofar Jatau zuwa nan tafiya ce ga tsohuwa.

"Sannunku da ɓarna," in ji ta, ta sauke ƙwaryar. "Angona, ashe kana raye? Na ce ko ka sake ni ne ba labari."

"Wa zai saki mai haƙori ɗaya? Ina zan samu irinki?" Ya matso kusa da ita. "Lafiya dai, Iya? Mutanen gida lafiya?"

"Lafiya lau. Gero na kai wa wata. Na ce bari in biyo in ga kishiyar tawa da ake ta labari."

Ta nemi wurin zama, ta zauna a kan kujerar da ke gindin dalbejiya. Ta ɗan yi tsalle a kai, ta shafa ta, ta sake shafawa.

"Wannan ai na san ta. Ba a kanta muka zauna ba ranar da muka kai maka yarinyar nan? Ni a nan, ita a tsakiya tana ta jiƙa mini mayafi da hawaye. Me take yi a waje?"

"Nauyi gare ta, Hajiya," in ji Aƙilu. "Motar gudu ba ta son nauyi."

"Iye. To bari in gani."

Ta miƙe ta zagaya motar. Ta buɗe ƙofar baya, ta tarar da ƙarfe ya gitta. Ta leƙa, ta ga almakashin bututu a inda mutane ke zama da. Ta daɗe tana kallo. Jalo ya lura wasan ya bar fuskarta, ko da yake bakinta bai daina ba.

"Angon, kurkuku ka gina wa wa?"

"Don tsaro ne, Iya. In mota ta kife, shi ke riƙe rufin."

"To ɗauke ni ka kai ni gida in ji daɗin tsaron. Ta ina ake shiga?"

Ya buɗe mata ƙofar gaba. Sai ta ce ya dakata. Ta koma ta ɗauko ƙwaryar, ta kifa ta a cikinta, ta ja gefen zane ta ɗaure ta tamau, ta rufa mayafi a kai. Aƙilu ya fashe da dariya.

"Hajiya, a wannan shekarun? Allah ya raba lafiya!"

"Rufe mini baki, ɗan maƙera."

Jalo bai yi dariya ba. Ya ƙura wa ƙwaryar ido.

Ta dafa ƙofa, ta ɗaga ƙafa don ta tsallake bututun da ya tare ta. Ƙwaryar ta hana ta ganin inda za ta taka. Ta gwada ta gefe, ƙwaryar ta tokari ginshiƙin ƙarfen da ya sauko ta gaban gilashi. Ta juya ta gwada da baya, ta sunkuya, ta samu ta zura rabin jiki, amma bakin kujerar ya matse ta, ga ƙarfe a sama, ga ƙarfe a gwiwa. Ta ƙara matsawa kaɗan.

Ƙas!

Ƙarar ba ta da yawa, amma har mai facin taya na gefe ya ɗago kai. Iya Kande ta fito a hankali, ta kwance zanen. Ƙwaryar ta tsage tun daga baki har gindi. Ta riƙe ɓarin biyu tana dubawa, ba ta dubi Jalo ba.

"Ƙwarya ce," in ji ta. "Ana ɗinkewa."

Ta koma kan kujerar ta zauna. Jalo ya bi ta ya durƙusa a gabanta, a kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, da wandonsa na zuwa makaranta.

"Iya, don Allah. Me ke faruwa?"

"Ni ba a aiko ni ba. Ka ji ko? Uwarta ba za ta iya buɗe baki ta aiko wa suruki da irin wannan magana ba, ubanta kuwa gara ya haɗiye garwashi. Ita kuma mai abin ta rantsar da kowa. Ta ce shekara da shekaru kana jiran wannan gudun naka, kada wanda ya ɓata maka." Ta juya ɓarin ƙwaryar a cinyarta. "An kai ta awo. Likita ta ce baƙon bai juyo ba, a zaune yake. Ta ce ba haihuwar gida ba ce, kada ungozoma ta taɓa. Da ta ji motsi, ko da rana ko da yaushe, a kwantar da ita a mota a fita da ita asibiti, kada a tsaya jiran komai."

"Yaushe? Yaushe suka ce?"

"Wa ya san gawar fari? Watanta dai ya tsaya."

Jalo ya sunkuyar da kai. Ya tuna ranar da za ta tafi, tana zaune a bakin keken ɗinkinta tana ɗinka masa matasan kafaɗa don kada bel ya ci masa fata. Ta gwada masa su a kan riga, ta ja, ta ce, "Ka dawo mini da kafaɗun nan yadda na ba ka su." Suna nan yanzu a jikin bel, shuɗɗa, da ɗan zaren ja a gefe. Ashe har da wannan a cikin abin da take ɗauke da shi, ita kaɗai, tana kuma hana a faɗa masa.

"Akwai tasi," in ji shi, ya san kuwa abin da za a ce.

"Tasi? Je ka gidan mai ka gan su, direbobin har girki suke a layi. Ran awon nan a amalanke aka tura ta har bakin titi, muka tsaya rana ta raba kafin wani mai akori-kura ya ji tausayinmu."

"Motar maƙwabcinku Alhaji Lado fa? Ina da mai, sai in ba shi."

"Kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta tun babbar sallar bara. Inji ya mutu." Ta dube shi a karo na farko tun fashewar ƙwaryar. "Duk sanda aka yi zancen a gida, sai a ce ai da sauƙi, akwai mota a gidan mijinta. Ba wanda ya zo ya leƙa cikinta. Ni ma sai yau."

Aƙilu ya cire gilashinsa ya matso, yana goge hannu.

"Malam Jalo, tsaya ka ji. Kada ka yi gaggawa. Kwana nawa ne duka? Ka je ka dawo, ran Litinin in yanke maka komai in mayar da kujera. Na fari ai yakan yi nawa, kowa ya sani. Matata sai da ta wuce watanta."

"In kuma bai yi nawa ba?"

"To mu yanke na baya kawai, mu bar saura."

"Ba za su karɓe ta ba babu na bayan. Kai ka karanta mini dokar." Ya girgiza kai. "Ko sun karɓa ma, motar tana daji, ita tana Ƙofar Jatau."

"Wallahi in ka bari bana, ba ka da tabbacin baɗi. Wata nawa muna wannan aikin? Dubi hannunka."

Jalo ya duba. Duk ƙuna ne da yanka. Ya tashi ya je jikin motar, ya dafa bututun ƙarshe, har yanzu da ɗuminsa. Kyakkyawan aiki ne, ɗinkin waldar ya kwanta lumui kamar aska tara a wuyan riga. Ya rufe ido don ya jiyo ƙarar nan ta kan ganuwa, wadda ba ta taɓa ƙin zuwa ba in ya kira ta. Abin da ya zo masa shi ne ƙarar amalanke a lungu mai rami, da Sakinatu a kwance a kai tana cije mayafi don kada maza su ji, da wancan ƙas ɗin.

Wani yaro ya shigo garejin da gudu. Zuciyar Jalo ta buga har ya dafe ƙofa. Yaron ya wuce su, ya je wajen mai faci da tayar keke. Ba kowa ba ne. Amma Jalo ya gane haka zai yi ta yi a kowace kwana ta dajin, duk sanda ya hango mutum a bakin hanya yana ɗaga hannu.

Aka kira la'asar a masallacin bakin ƙofa. Iya Kande ta dogara sandarta za ta miƙe.

"Bari in kama hanya, angon. Ni dai ban ce komai ba. Gero na kai."

"Zauna, Iya. A'a, tashi, kujerar nake so." Ya juya wajen Aƙilu. Ya ɗaga murya yadda har mai faci da masu jiran gyara suka ji, ya kuma faɗi sunan da bai taɓa faɗa a gaban mutane ba tun da aka tafi da ita. "In mun idar da salla ka kunna wutarka. Ka yanke su duka, na baya da na ƙofofi, a mayar da kujerar nan inda take. Ba ni zuwa Kaduna. Daga yau motar nan a bakin lungun su Sakinatu za ta riƙa kwana, ni ma a cikinta, har Allah ya sauke ta lafiya."