Rigar Ognyan Mai Ƙamshin Sabulu

Tun ranar da Ognyan ya fara zuwa bayan tashar jirgin ƙasa, inda samari masu dogon gashi, masu son kiɗan nan mai tsananin ƙara da ake kira metal, ke haɗuwa ran Asabar su yi musayar kaset, hankalin Zdravko bai kwanta da shi ba. Ba fuskarsa ce ta dame shi ba, rigarsa ce.

Kowa a wurin yana da irinta: rigar jins da aka datse wa hannuwa, an cika ta da faci mai sunayen makaɗa. Dokarta biyu, kuma ko jariri a birninsu na Plovdiv ya san su. Ba ta ganin ruwa har ta mutu, kuma kai za ka ɗinka facinka da hannunka, ko da ɗinkin zai fito a karkace kamar tafiyar mashayi. Ta Zdravko, in ka ajiye ta a ƙasa, tsayuwa take yi da kanta don dauɗa. To ga wannan baƙon ya zo da tasa fes, tana ƙamshin sabulu, har da karin guga a kafaɗa, facin kuwa da keken ɗinki aka bi su.

"Kai, ango, ina amaryar?" in ji Plamen, abokin Zdravko, yana shinshina masa wuya.

Ognyan ya sunkuyar da kai. "Kakata ce. Da na yi barci sai ta ɗauke ta wanke. Ta ce ba za a ce jikanta ba shi da gata ba."

Aka kwashe da dariya, ban da Zdravko. A 'yan makonnin nan 'yan sanda sun sha dirar musu, su kama wanda tsautsayi ya faɗa wa, su danne shi su kwashe masa gashi da almakashi. Plamen kansa, tun da aka yi masa, hular sanyi yake yawo da ita cikin wannan zafi. Shi Zdravko tun yana makaranta yake tara nasa, ya kai masa tsakiyar baya, ya sha zagin uba da korar malamai a kansa. Kuma ya tabbata akwai mai kai rahotonsu.

"Wace kaka?" ya ce da Plamen a hanyar gida. "Wannan rigar a ofis aka haɗa ta. Wani mai ɗamara ne ya zauna ya ce a yi masa kayan 'yan metal, shi ya sa ta fito kamar ta zuwa biki."

"Yaron ya san kiɗa fa."

"An koya masa ne."

Sai Zdravko ya ɗana wa Ognyan tarko. Ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗar nan mai guga, ya ce an sauya wurin haɗuwa, Asabar mai zuwa a ƙarƙashin tsohuwar gada ne, kada ya gaya wa kowa. Ognyan ya yi ta godiya kamar an ba shi kyauta, abin da ya ƙara wa Zdravko haushi. Ognyan kaɗai aka gaya wa, babu wani da zai je gadar nan. In 'yan sanda suka je, magana ta ƙare.

Ranar Asabar da rana Zdravko ya laɓe a wani kangon gini da ke kallon gadar, ya cusa gashinsa cikin riga. Ognyan ya iso da kaset a hannu da burodin cuku a takarda, da yawa, irin na rabawa. Ya zauna. Ya tashi. Ya leƙa hanya. Aka fara yayyafi, bai tafi ba.

Can sai ga motar 'yan sanda tana tafe a hankali. Daɗi ya kama Zdravko, daɗi mai ɗaci, don ba abin da ya kai ka ce ga ɓarawo kuma a kama shi da kaya. Ya jira ya ga an gaisa.

Ba a gaisa ba. Motar har ta wuce, na gefen direba ya hango dogon gashin Ognyan, suka dawo da baya. Babban cikinsu ya shaƙo Ognyan ta wuyan riga ya haɗa shi da bango.

"Ina sauran ƙazaman? Wa kake jira?"

"Ba kowa, yallaɓai. Ruwa na fake wa."

"Da burodin mutum goma?"

"Ci gare ni."

Mari ya sauka. Suka tambayi sunaye, ya ce shi baƙo ne, bai san kowa ba. Suka durƙusar da shi cikin taɓo, ɗaya ya taka masa ƙafa, ɗaya ya zaro almakashi. Zdravko yana jin ƙarar ƙarfen daga inda yake. Ashe ba mai kai musu rahoton komai, zagaye kawai suke yi, inda suka ga gashi su tsaya. Ya so ya fito, wallahi ya so, amma hannunsa na dafe da nasa gashin, bai fito ba. Kunya ta rufe shi tun kafin a gama.

Sai da motar ta ɓace ya sauko. Ognyan na zaune cikin ruwa, kai duk gaɓa-gaɓa, leɓe a fashe, yana tsince burodin da bai jiƙe ba. Da ya ɗago ya ga Zdravko, sai ya yi zumbur ya miƙe, ya waiga hanya, ya tura shi baya da hannu biyu.

"Allah ya so ka da ka makara, ɗan'uwa," ya ce. "Kada ka tsaya nan, za su iya dawowa. Ruga ka tare sauran a hanya, ka ce kada kowa ya zo."